Babi na 7: Nauyi a Ƙugu, Shuri a Hannu

Ranar 16 ga Oktoba, 1991, da tsakar rana, wani mutum ya kutsa da motarsa ta cikin gilashin gidan cin abinci na Luby's a garin Killeen da ke jihar Texas, ya fito ya buɗe wa masu cin abincin rana wuta. Mutum 23 ya kashe. Cikin waɗanda ke zaune a wurin akwai wata mata, Suzanna Hupp, ita da mahaifinta da mahaifiyarta. Da harbi ya fara sai ta kai hannu cikin jakarta tana neman libarbarta, sannan ta tuna cewa ta bar ta a mota, domin dokar Texas ta wancan lokaci ta hana ɗaukar bindiga a ɓoye. Ita ta tsira. Iyayenta biyu a nan suka rasu.

Shekaru ta yi tana ba da wannan labari a gaban 'yan majalisa. A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba mutanen Texas damar neman lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye, shekara guda bayan haka ita kanta aka zaɓe ta majalisar dokokin jihar. Florida ta riga Texas, tun 1987. Illinois ce ta zo ƙarshe, a 2013. Daga 1 ga Satumba, 2021, Texas ta ma daina tilasta lasisin ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21, kuma yanzu fiye da rabin jihohin Amurka haka suke. A Yunin 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi izini.

Doka ta ba da izini, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyi ba. Bindigar hannun da John Browning ya ƙera, wadda sojan Amurka ya riƙe daga 1911 zuwa 1985, ƙarfe ce zalla, ta haura kilo ɗaya ko babu harsashi a cikinta. Wanda ya ɗaura irinta a ƙugu daga asuba zuwa isha'i a zafin Houston na watan Agusta, inda gumi ke jiƙa riga kafin mutum ya isa ga motarsa, mako guda ya ishe shi ya fara barinta a gida. Masu koyar da harbi a can suna yawan nanata cewa ƙaramar da ke aljihunka ta fi babbar da ke cikin durowa. Kamfanoni sun ji wannan magana da kyau. A 1999 Kel-Tec ya fito da P-32 wadda ba ta kai giram 200 ba. A 2008 Ruger ya kawo LCP, mai giram 270 ko kusa da haka, tana shigewa aljihun wando kamar wayar hannu. A 2018 SIG Sauer ya cusa harsashi 10 na milimita 9 cikin P365 mai kusan rabin kilo, kasuwa ta rikice, sauran kamfanoni suka bi sahu.

To, a nan ne matsalar da wannan babi ya tsaya a kanta take. Kusan duk sabon mai saye yana shiga shago da buƙatu biyu a bakinsa: yana son ƙarama marar nauyi, kuma yana son wadda ba ta shuri. Taura biyu ke nan, ba sa taunuwa a baki ɗaya. Na fahimci haka ne ta dalilin wasu mata da miji 'yan Kano da na sani a Houston.

Alhaji yana da gidan mai da ɗan kanti a jikinsa, Hajiya ce ke rufe kantin wasu darare. Dukansu sun daɗe da zama 'yan ƙasa. Bayan da aka tsare wani maƙwabcinsu da bindiga a bakin kantinsa, Alhaji ya je shagon bindigogi shi kaɗai ya sayo wa matarsa wata libarba ta alminiyam mai cin harsashi biyar, nauyinta bai fi giram 420 ba. Wata Asabar suka nemi in raka su wurin koyon harbi. Aka ba mu abin toshe kunne da tabarau, muka shiga wani dogon ɗaki mai warin albarushi, kowa da layinsa, kwansayen harsashi a zube a ƙasa. Mai koyarwa ya rataya takarda mai hoton ƙirjin mutum, ya tura ta nisan mita biyar.

Hajiya ta haura shekara hamsin, yatsunta sun fara ciwon gaɓoɓi. Ta riƙe bindigar da hannu biyu yadda aka nuna mata, ta ja kunama. Bakin bindigar ya yi tsalle sama. A harbi na biyu na ga ta runtse ido tun kafin ƙarar ta fito. Da ta gama biyar ɗin ta ajiye bindigar a kan teburi, ta buɗe tafinta: fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta yi jajur. Rami ɗaya ne a takardar, shi ma can ƙasa ta hagu.

"Alhaji, wannan abin ai cizo yake yi," in ji ta.

"Haba Hajiya, mai shagon fa cewa ya yi irin ta mata ce."

"To ya zo ya harba da hannuna."

Mai koyarwar bai ce komai ba. Ya fita ya dawo da wata bindiga ta haya, wadda ta fi waccan tsawo da kauri da nauyi, mai cin milimita 9. Hajiya ta yi turus, don a ganinta babba ta fi ƙarama mugunta. Ya lallashe ta ta gwada harsashi ɗaya tak. Ta harba, ta dubi hannunta, ta sake harbawa. Cikin goma, takwas sun shiga ƙirjin hoton. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, yaya aka yi babbar ta fi ƙaramar sauƙi?"

Amsar tana cikin abin da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, kuma kowane masunci ya san ta ko bai shiga aji ba. Idan ka yi tsalle daga ƙaramin kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwalen zai suɓuce baya da gudu. Idan daga babban jirgin fito ka yi tsallen, da ƙyar zai motsa. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ɗin ne yake tura bindiga baya, ba ragi ba ƙari. Abin da ke shanye wannan turi shi ne nauyin bindigar. Harsashin .380 yana da kimanin giram 6, yana fita daga gajeren bututu da gudun mita 270 a daƙiƙa ko kusa da haka. In bindigar giram 270 ce, za ta doko hannu da gudun kusan mita 6 a daƙiƙa. Harsashin milimita 9 ya fi shi nauyi da gudu, giram 7.5 a kan kimanin mita 350 a daƙiƙa, amma idan daga bindigar Glock 19 ya fito, mai giram 670, bindigar za ta dawo ne da gudun kusan mita 4 kawai. In aka rage rabin nauyin bindiga aka bar harsashin yadda yake, dukan da hannu zai sha ninkawa yake yi. Duk giram ɗin da aka sauke wa ƙugu, hannu ne zai biya kuɗinsa.

Lissafin bai ƙare a nauyi ba. Wadda ta taɓa ɗebo ruwa da bokiti mai siririn mariƙin waya ta san bambancinsa da wanda aka naɗe mariƙinsa da tsumma: ruwan ɗaya ne, zafin a tafin hannu ba ɗaya ba ne. Mariƙin ƙaramar bindiga siriri ne, gajere kuma. Yatsu biyu kaɗai ke samun wurin kamawa, ƙaramin yatsa yana reto a ƙasa, shi kuwa yana da babban rabo a ƙarfin damƙa. Shurin duka sai ya taru a ɗan wuri guda. Ga kuma saiti. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, saboda haka ɗan karkacewar da ido ba zai gani ba ta isa ta kai harsashi waje da takarda. Ga kunama kuma. Ta irin libarbar Hajiya tana buƙatar jan da ya kai kusan kilo 5. Yatsa ɗaya yana jan abin da ya ninka nauyin bindigar fiye da sau goma, sauran yatsu na fama su hana ta motsi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da zafin ke koya wa jiki. Hannun da ya sha duka sau biyu yakan fara kare kansa: ido ya runtse, kafaɗa ta ɗage, wuyan hannu ya danna bindigar ƙasa kafin harsashi ya fita. Shi ya sa harbin na-dama yakan tafi ƙasa ta hagu, daidai inda ramin Hajiya yake. Masu koyarwa suna da hanyar nuna wa mutum wannan. Sukan cusa harsashin roba marar albarushi a tsakiyar na gaske ba tare da ɗalibi ya san gurbinsa ba. Idan ya zo kansa, bindigar ba ta tashi, amma sai ka ga bakinta ya yi sujada da kansa. Ɗalibai da yawa sai sun ga haka da idonsu suke yarda. Mutum kuwa ba ya komawa wurin da ya sha wuya da son ransa. Bindigar da ke cizo ba a atisaye da ita, sai ta koma jaka ta zauna shekara da shekaru a hannun wanda bai taɓa samun takarda da ita ba, yana yawo cikin jama'a da zaton yana da kariya. A ra'ayina wannan ya fi rashin bindigar haɗari, domin harsashin da ya kuskure ɓarawo ba ya ɓacewa a iska, wani wuri yake sauka.

Akwai kuma bambancin ƙira, wanda ba a gani daga waje. Walther PPK, wadda ta fito a 1931 kuma fina-finan James Bond suka yi wa suna, ƙarfe ce mai ɗan nauyi, amma waɗanda suka harba ta da .380 sun san tana da kaifin shuri. A irin ƙirarta babu abin da ke riƙe marfin sama mai zamiya lokacin da albarushi ya kama sai nauyin marfin da taurin sifirin. Dole sifirin ya yi tauri, marfin kuma yakan dawo da ƙarfi ya daki jikin bindigar. Ɗaya ƙirar, wadda ita ma daga Browning ta samo asali, tana kulle bututu da marfi su ja baya tare na 'yan milimitoci, sannan bututun ya sunkuya ya saki marfin. Wannan ɗan jinkiri yana shimfiɗa shurin, kamar bambancin mari da turi. Glock 42 ta 2014 haka take. Smith & Wesson kuma a 2018 ya fito da Shield EZ, wadda aka ƙera musamman saboda masu raunin hannu: jikinta ya kai na matsakaiciyar bindiga, harsashinta .380, marfinta na jawuwa cikin sauƙi. Wannan batu na jan marfi ba ƙarami ba ne. Tsofaffi da yawa suna iya harba bindiga amma ba sa iya ɗana ta, kuma a shago ba kowa ke tuna ya gwada ba. Beretta na da wasu ƙanana waɗanda bututunsu ke ɗagowa sama a sa harsashin farko da hannu, ba sai an ja komai ba.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa a shagunan bindiga na Amurka: wane harsashi ne ya isa? Tushen gardamar ta zamani yana Miami. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an hukumar FBI suka yi artabu da 'yan fashin banki biyu. Tun farkon faɗan harsashin milimita 9 ya ratsa hannun ɗaya daga cikinsu ya shiga ƙirji, ya tsaya gab da zuciya. Mutumin ya ci gaba da harbi, ya kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, wasu biyar suka ji rauni. Daga nan hukumar ta kafa ma'auni. Ana harba harsashi cikin wani daskararren abu mai kama da romon ganda da ya kwana, wanda taurinsa ya yi kusa da na tsokar mutum, ana son ya nutse tsakanin inci 12 da 18. Ta koma harsashin milimita 10, ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi, aka rage shi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai hukumar ta dawo kan milimita 9 ɗin da ta gudu daga gare shi, ta ba kamfanin Glock kwangila a 2016. Dalilanta biyu ne manya: ƙirar harsasai ta inganta, kuma jami'anta sun fi saurin harbi da samun abin da suka auna idan shurin ya ragu. Hukumar da ke da kuɗi da ƙwararru da filin gwaji ta zagaya ta dawo inda mai koyar da Hajiya ya tsaya.

Harsashin .380, wanda ya fito a 1908, kaurinsa ɗaya da milimita 9, kwansonsa ne ya fi gajarta da milimita biyu, shi ya sa a Turai ake ce masa gajeren milimita 9. A ma'aunin FBI yana bakin iyaka: wasu nau'o'insa suna kai inci 12 ɗin, wasu suna gazawa, musamman masu buɗewa a cikin jiki, in sun fito daga gajeren bututu. Ƙasa da shi akwai .32, sai .22 wanda kusan ba ya shuri sam, sai dai ya fi sauran yawan ƙin tashi saboda yadda aka zuba sinadarin kunna shi a gefen kwanso. 'Yan shago sukan raina waɗannan ƙananan. Tarihi bai raina su ba.  Da FN ƙirar 1910 mai cin .380 Gavrilo Princip ya harbe yariman Ostiriya da matarsa a Sarajevo a 1914, abin da ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da libarba mai .22 aka harbi Ronald Reagan a 1981, saura ƙiris ya mutu, kakakinsa James Brady kuma ya nakasa har ƙarshen rayuwarsa. Idan mai ciwon gaɓoɓi ta iya sa harsashin .22 takwas a inda ta auna, ni ba zan ce mata ta koma wa wanda take kuskurewa da shi ba.

Ba ina kushe libarba ba ne gaba ɗaya. Tun kafin Smith & Wesson ya fito da Chiefs Special a 1950 ƙaramar libarba ke cikin aljihun 'yan sandan Amurka, kuma da dalili. Ba ta da marfin ja. Ba ruwanta da ko wuyan hannu ya yi laushi, alhali ƙaramin fistol, wato mai marfin zamiya, yakan cije idan ba a riƙe shi da ƙarfi ba, domin marfinsa na buƙatar abin dogara kafin ya kammala zuwa da dawowarsa. In harsashi ya ƙi tashi a libarba, sake jan kunama kawai ake yi. Ta ƙarfe mai giram 600 da wani abu, da harsashi marar zafi da mariƙin roba mai cika hannu, wata aba ce daban da ta alminiyam. Laifin da aka yi wa Hajiya shi ne an zaɓa mata da ido, an ɗauka ƙanƙanta ita ce sauƙi, kuma wanda zai riƙe abin ba ya wurin. Yawancin wuraren koyon harbi suna ba da hayar bindigogi. Kuɗin gwada huɗu ko biyar bai kai asarar da ake yi wajen mayar da wadda aka saya bisa kuskure ba.

Wanda ya zaɓi bindiga bai gama ba sai ya zaɓi inda za ta zauna a jikinsa. Yawancin fistol na zamani ba su da makullin da ake turawa da yatsa, duk abin da ya ja kunama, yatsa ne ko mukulli ko igiyar riga, harbi ne. Saboda haka kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf wajibi ne, ko a aljihu za a sa ta. A Nuwamban 2008 ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya soke Glock a ƙugun wandonsa ba kube ya shiga gidan rawa a New York. Ta zame, ya kai hannu ya cafke ta, ya harbi cinyarsa, sannan kotu ta yanke masa shekara biyu a kurkuku. Na jaka ya fi wannan ciwo. A Disamban 2014, a wani babban kanti a garin Hayden na jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu da ke zaune a keken sayayya ya zuge jakar mahaifiyarsa ya ciro bindigarta. Uwar, mai lasisi ce, nan take ta rasu.

Kayan ɗaukar bindiga na Amurka an yi su ne don mai wando da bel mai kauri. Zani ba shi da bel, doguwar riga ma haka. Hajiya ta ƙi jaka saboda jikokinta, waɗanda jakar kaka ce wurin neman alewarsu. Ta ƙare da wata faffaɗar ɗamara ta roba da ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin riga, mai kube mai tauri a jikinta. Kaftanin Alhaji kuwa yana ɓoye bindiga fiye da kowace rigar Bature, amma sai an yaye shi da hannu ɗaya kafin ɗayan ya kai ga ƙugu. Wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wanda bai saba yaye rigarsa ba, lokacin ya ƙare masa tun hannunsa na cikin yadi. Sannan ga ruku'u da sujada sau da yawa a yini, ga alwala, ga shiga bayi. Kowane ɗaya gwaji ne ga kuben: ko ya riƙe, ko ya saki.

Dole in faɗi abin da tallar kamfanoni ba ta faɗa. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka bisa ƙididdigar hukumar lafiya ta CDC, kuma 26,328 daga cikinsu kansu suka kashe. Fiye da rabi ke nan. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. Bindigar da take da sauƙin ɗanawa da sauƙin harbi ga tsohuwa, tana da sauƙi ga jikanta ma, da kuma ga ɗanta da baƙin ciki ya rufe a wani dare. Baƙar fata kuma yana da ƙarin abin lura. A Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da motar Philando Castile a jihar Minnesota. Castile yana da lasisi, da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga, cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi har lahira a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Alhaji ya san wannan labari, shi ya sa takardun motarsa a saman inuwar gilashi suke, don kada hannunsa ya nufi ƙugu in an tsayar da shi.

Mai karatu a gida ya sani cewa duk wannan magana ta Amurka ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba a rukunin makaman da aka haramta, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallaka, rukuninsu daban da na bindigar farauta ko bindigar toka ta maharba. A Amurkar ma, dokar tarayya ta hana mafi yawan masu bizar ziyara ko ta karatu mallakar bindiga.

Hajiya ta gwada bindigogi biyar a makonni uku. Ta so ƙwarai ta zauna kan babbar nan ta farko, amma da ta ɗaura ta yini guda sai ta ce kamar ta goya turmi a gefe. Ƙananan na aljihu kuwa duk sun cije ta. Ta tsaya a tsakiya: fistol mai cin .380, mai kullen bututu, nauyinsa ya ɗan haura rabin kilo, mariƙinsa na ɗaukar yatsunta duka, marfinsa kuma tana iya ja ko da safe lokacin da gaɓoɓinta suka fi sandarewa. Ya fi abin da ta so girma, ya fi abin da Alhaji ya so rauni. Libarbar aka mayar shago da ragin kuɗi. Duk da doka ba ta tilasta mata ba, ta zauna ajin lasisi ta ci jarrabawar, kuma sau ɗaya a wata takan je ta harba harsashi hamsin.

Akwai wuraren da har yanzu ba ta shiga da ita. Dokar Texas ta hana a makarantu da kotuna da rumfunan zaɓe, masu kanti da shugabannin masallaci ko coci kuma suna da ikon kafa sanarwar hani a ƙofarsu. A irin waɗannan wurare mutane sukan jefa bindiga cikin aljihun mota su kulle ƙofa, ɓarayi kuma sun gane haka, har mota ta zama ɗaya daga manyan wuraren da ake satar bindiga a biranen Amurka. Ranar da na raka su ɗauko jikarsu daga makaranta, Hajiya ta sa Alhaji ya tsaya tun kafin kwanar shiga. Ta sunkuya ta jawo wani ɗan akwatin ƙarfe da aka ɗaure da igiyar waya a ƙafar kujera, ta zare bindigar tare da kubenta ba tare da yatsanta ya kusanci kunama ba, ta kulle, ta tura akwatin ƙarƙashin kujera. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Mu je, Alhaji, an kusa tashinsu."